Sunan da na ɗauko daga Ƙonni

Tun da na dawo daga Ƙonni ta Nijar ban sayar da kwalbar man gyaɗa ɗaya cikin kwanciyar hankali ba. Mace za ta shigo da 'yar kwalbarta, ta zauna a kan turmina, ta ce, "Kulu, wai da gaske na har ƙasar Hwaransa kit tahi ke kaɗai?" In fara ba ta labari, wata ta shigo, a ce in koma farko. Ƙuli-ƙulina ya ƙone a kasko ya fi a ƙirga. Shi ya sa na zauna na rubuta shi da ɗan bokon da na samu a ajin yaƙi da jahilci. Wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba, ni kuma a bar ni da tuyata.

A daminar da aka rufe sabis ɗin waya a jiharmu saboda 'yan bindiga abin ya faru. Ɗana na fari, wanda ba zan rubuta sunansa ba tunda ban saba faɗinsa ba, yana can arewacin Nijar wurin haƙar zinariya. A dajin da suke babu sabis, sai wani mai waya irin ta tauraron ɗan'adam da ake biya a kira gida. Su ke kira, ba a kiransu. Da aka rufe namu sabis ɗin sai muka daina jinsa. Ana cikin haka wani mutumin Zugu ya dawo daga can, ya ce rami ya rufta da samari, har da na wajenmu, amma bai riƙe sunan kowa ba. Ba a daɗe ba matar ɗan nawa, Rabi, ta haihu ranar wata Asabar. Namiji.

Babba a gidanmu shi ne Baffa Mamman, yayan marigayi mijina, wanda ya riƙe yaron tun rasuwar ubansa. Ni da shi ba ma ga maciji, kuma duk Bukkuyum ta san haka. Shi yana cewa bakina ya yi kaifi, ni ina cewa in ya yanke magana ko sa aka ɗaura masa ba ya motsawa. Washegarin haihuwa ya tsaya a bakin zaure ya aika a kira ni.

"Kulu, ran suna za a mai da ma jariri sunan ubanai."

A wurinmu ba a mayar wa jariri sunan ubansa sai uban ya rasu. Ranar da liman ya faɗi wannan suna a gaban jama'a, an yi wa ɗana jana'iza ke nan babu gawa, kuma kafin la'asar mata za su fara shigowa yi wa Rabi gaisuwa.

Na ce, "Yaya, wa yag ga gawatai?"

"Ba wanda yag gani. Amma mai rai shina aiko da magana."

"Ta ina za shi aiko ta, bayan an ruhe waya?"

"Ni dai na hwaɗi. In kina da wani suna daga bakinai, ki kawo shi kahin Asabar."

Na tafi wurin maƙwabciyata Malama Ladi, Kirista ce 'yar Zuru da ke aiki a asibitinmu. Ita ce tun da daɗewa ta gyara mini wayata yadda in ina tuya ban ɗauka ba, mai kira zai bar saƙon murya. Har ta sa na zaɓi lambar sirri. Ta ce mini in yaron ya kira ya tarar da layi a rufe, to maganarsa tana nan a ajiye a wurin kamfani, ba a cikin wayar ba, kuma da na isa inda ake da sabis zan ji ta. Matan gidanmu suka ce abin kunya ne uwa ta ɗaura zane ta bi sawun ɗan fari. Na ce musu ni sunan jikana zan ɗauko, wadda ta ga ina bin wani ta yi shaida.

Litinin da safe na shiga motar Gummi. Man fetur ya yi wuya a lokacin, don haka direba ya cusa mu kamar ƙuli-ƙuli a buhu, ni da wata Bafulatana muna raba gwiwa ɗaya. Ruwa ya cinye hanya a wani wuri, dole aka sauke mu muka shiga kwale-kwale. Cikinsa akwai wani dattijo da ragonsa, da kuma wani mai surutu da hula a karkace. Muna kaiwa tsakiyar gulbi sai mai surutun ya ce shi ya ji an ce a daidai nan sabis ɗin jihar Kebbi yakan leƙo. Kan ka ce me, kowa ya zaro waya ya ɗaga sama kamar masu roƙon ruwa. Ni ma, da girmana da hankalina, na kwance bakin zanena na ɗaga tawa. Rago ya tsorata ya yi tsalle, kwale-kwale ya karkata, na kai hannu in riƙe katako. Wayar ta suɓuce, ko ƙara ba ta yi ba da ta shiga ruwan. Mai surutu ya ce, "Allah shi mai da alheri, Inna." Na dube shi kallon da bai ƙara magana ba har muka kai gaɓa.

A Gummi na kwana gidan ƙanwata Asabe. Ta yi mini tuwon dawa da miyar kuka, ta zauna tana kallona ina tura shi da ƙyar. Ta ce in koma gida, ai na yi iya ƙoƙarina. Na tuna fuskar Baffa Mamman in ya gan ni na dawo hannu biyu, babu suna babu waya. Sai kuma na tuna cewa samarinmu duk ta hannun wani mai masauki suke wucewa a Ƙonni, Alhaji Isufu, shi ke haɗa su da motocin arewa. In akwai mai labari, shi ne. Na ce wa Asabe ta ara mini mayafi mai kauri.

Motar Sakkwato ba zan manta da ita ba. Muna tafe shiru, kowa na lura da daji, sai can muka shiga inda ake da sabis. Wayoyin mutane suka farka gaba ɗaya, wannan na kuka, wancan na kiɗa. Kowa ya kafa tasa a kunne yana ihu, "Ni na! Muna nan lahiya!" Wata mata tana dariya tana hawaye. Ni kaɗai ce a motar nan da hannuwa a cinya, kuma gaskiya na ji hassada har cikin haƙorana.

A Sakkwato na nemi ofishin kamfanin waya don a sake mini layina. Wata yarinya mai ladabi ta duba na'urarta, ta ce layin da sunan ɗana aka yi rajistarsa, sai dai shi ya zo da kansa. Na ce, "Ɗiyata, in da ina iya kawo miki shi, mi zan zo nema nan?" Ta ba ni haƙuri, har ta miƙo mini ruwan sanyi. Na sha, na yi mata godiya, na nufi tashar Illela.

A bakin iyaka na yi zaton zan ga katanga. Sai na tarar da igiya da ganga da rumfa. Na nuna katin zaɓena a ɓangarenmu, na taka zuwa ɗaya ɓangaren. Wani jandarma, wato ɗan sandan can, siriri da hula a kan gira, ya juya katin ya tambaye ni abin da ya kawo ni ƙasarsu. Na ce na zo ɗaukar sunan jikana. Ya sa na maimaita. Na ba shi labari a taƙaice, ya kira abokin aikinsa shi ma ya ji. Sannan ya miƙo mini katina ya ce tun da yake aiki a nan bai taɓa ganin mai shigo da irin wannan buƙata ba, kuma in na samu in wuce da shi, ba a biyan kuɗin fito a kansa.

Mutanen Ƙonni mu ne, Hausarsu irin tamu, fuskokinsu irin na kasuwar Gummi. Amma suna da nasu hali. Burodinsu dogo ne kamar muciya, ga tauri, a hammata ake ɗaukarsa babu ko leda. Mata suna tuƙa babur da kansu, da jakar cefane a gaba, ba mai waiwayensu. Da rana ta take kowa ya rufe shago ya tafi barci, ko da mai saye na tsaye. A Bukkuyum wanda ya yi haka sai a ce aljanu sun taɓa shi. Ga albasa ko'ina, har ruwan randa ƙamshinta yake.

Ɗan kabu-kabu ya kai ni gidan Alhaji Isufu ba tare da na yi kwatance ba. Matarsa ta karɓe ni kamar ta san ni, ta shimfiɗa mini tabarma a rumfa tsakanin buhunan albasa. Ta kawo dambu da zogale, sannan fura da aka dama da cuku da dabino. Furar nan na yaba mata, kuma ban faye yabon furar wata ba. Shayinsu ne ban gane ba. Ɗan kofi kamar murfin kwalba, ɗaci kamar maɗaci. Na daure na shanye don kada in ɓata wa masu gida, sai aka sake cikawa. Ashe sau uku ake sha, kuma wanda ya tashi a na farko ya yi rashin ladabi.

Da safe aka kai ni gaban Alhajin, wani ƙaton mutum mai sanyin murya. Ya ce, "Mi as sunan ɗan naki?"

Nan na tsaya. Na yi tafiyar nan duka, ban taɓa tunanin za a tambaye ni wannan ba. Na dubi ƙasa, na dubi rumfa. Matarsa ta gane, ta rufe baki tana murmushi. Daga ƙarshe na ce, "Sunan Annabin da kihi yah haɗiye."

"To, Hajiya, masu wanga suna da sunka bi ta gidan ga suna da yawa."

Na kwatanta masa: dogo, mai wushirya, da tabo a girar hagu inda jaki ya taɓa harbinsa. Ya tuna shi. Ya ce ya wuce ta nan, amma tun daga lokacin bai ji ɗuriyarsa ba. Ya ce maganar rami gaskiya ce. Sannan ya ƙara da cewa duk waɗanda suka tsira sun kira gida a makon, don hankalin iyaye ya kwanta.

Na ce masa ko ya kira ba zai same ni ba, kuma wayar tana ƙasan gulbi. Na faɗa masa abin da Malama Ladi ta ce, cewa saƙo a wurin kamfani yake zama. Ya ce shi bai san kan waɗannan abubuwa ba, amma akwai wadda ta sani. Matarsa ta yafa mayafi ta raka ni.

Madam Zali tsohuwar ma'aikaciyar gidan waya ce da ta yi ritaya ta buɗe ɗan shago inda ake buga takardu. Gajera ce, da tabarau a kan hanci, tana magana tana tsoma Faransanci kamar mai barbaɗa yaji. A kan teburinta akwai wayar girke, irin mai igiya a murɗe, wadda rabona da ganin irinta tun ina amarya, a sakatariya. Ta saurare ni har ƙarshe ba ta katse ni ba. Ta ce abu ne mai yiwuwa. Za a kira lambata daga nan, in muryar kamfani ta fara magana a danna tauraro, sannan a sa lambar sirri. Ta ce da wayar hannu kati yana iya ƙarewa a tsakiyar magana tunda kiran wata ƙasa ne, amma wannan ba ta yankewa, agogo kawai za ta duba ta yi mini lissafin kuɗi.

Lambar wayata ba ta ba ni wahala ba, na sha rera ta ga masu sayen mai. Madam Zali ta danna, ta saurara, ta danna tauraro, ta turo mini wayar ta ce in sa lambar sirri. Sai na ga ashe ban san ta ba. Wato ban san ta da ka ba. Babban yatsana ne ya san hanyarsa a kan 'yar wayata, ni ban taɓa duba ko waɗanne lambobi yake takawa ba. Maɓallan wannan kuwa manya ne, a warwatse, kuma a kan tebur. Na danna da ɗan ali, muryar ta ce ba daidai ba. Na sake, ta sake ƙi. Madam Zali ta dafe wayar da sauri, ta ce in na kuskure na uku za su iya kulle akwatin saƙon.

Matar Alhaji ta fara salati a hankali. Madam Zali ta cire tabarau ta dube ni, ta ce, "Da wane hannu kika riƙon taki?" Na ɗaga na dama. Ta buɗe aljihun tebur ta ɗauko wata tsohuwar wayar hannu mai maɓallai, ta sa mini a tafi. Ta ce in rufe ido, in ɗauka ina gida, mai yana kan wuta, ina sauri. Na rufe ido. Yatsan nan ya tafi da kansa, tiryan-tiryan, ita kuma tana leƙe tana rubutawa a bayan hannunta. Ta sa na maimaita, ya sake bin hanya ɗaya. Ta sake kira, ta danna da kanta, ta saurara, sannan ta ɗora mini kan wayar a kunne.

Saƙon farko, na tun kafin a rufe sabis, wata mai sayen maina ce daga Anka: "Kulu, kina ji na? Kulu? A aje min galan biyu." Na biyu babu magana, sai numfashin wani da kukan jaki. Na uku matar Anka ce kuma, ta ce na cika wulaƙanci. Sai na huɗu ya fara da ƙarar iska.

"Inna, ni na. Na yi ta kira ba ta shiga. Ramin da yar ruhta ba namu na ba, na kusa da mu na, mu munka tono mutane. Lahiyata lau, kada ki ji komi. Na san Rabi ta kusa. In macce ta, ke zaɓa. In namiji na, a sa mai sunan Baffa, shi yar riƙe ni. Ki yi haƙuri, Inna, na san ba ki so."

A shagon nan babu wanda zan ji wa kunya. Na kira sunan ɗana a cikin wayar, da ƙarfi, sunan da tun ranar da aka raɗa masa ban furta ba, ko da yake na san ba ya ji na. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko a rasuwar ubansa. Madam Zali ta juya baya tana gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Da na natsu ta danna wani maɓalli aka maimaita mini, ta kuma saurari ranar da aka bar saƙon ta ce Juma'ar da ta wuce ce.

Sai a motar dawowa haushi ya zo. Duk sunayen da ke duniya, yaron nan ya rasa wanda zai zaɓa sai na Baffa Mamman. Ga sunan mahaifina nan, har yau ba a mayar wa kowa ba. Kuma kunnena kaɗai ya ji saƙon, don wayar girke mutum ɗaya take yi wa magana. Masu tambayata me ya sa ban sa an ɗauko muryar a wata waya ba, ina so in ga wadda a cikinku za ta tuna da wannan a irin halin da nake ciki. Daga Illela har Sakkwato ina juya maganar, daga Sakkwato har Gummi ina juya ta. Jandarman nan ma da ya tambaye ni ko na samu, kai kawai na ɗaga masa. Amma suna ba nawa ba ne, aike ne aka ba ni, kuma ni Kulu ban taɓa rage mudu ba balle in rage aike. Wannan kam ina alfahari da shi, kuma ba na jin nauyin faɗi.

Na iso Bukkuyum ranar Juma'a bayan la'asar, da laka har ƙwauri. Rago na ɗaure a ƙofar gida. A zaure na tarar da Baffa Mamman da liman da wasu dattawa suna raba goron gayyata. Na tsaya daga bakin ƙofa na gaishe su.

Na ce, "Shina da rai. Na ji muryatai."

Liman ya ce, "Alhamdu lillahi. Kin zo da wata shaida, Kulu?"

"Kunnena."

Dattawa suka dubi juna. Baffa Mamman bai ɗago ba, yana ta jera goro a kan ganye. Ya ce, "Uwa tana jin abin da taka so ta ji. Wane suna yab ba ki?"

"Yac ce a sa mai sunanka."

Hannunsa ya tsaya a kan goron. Ya ɗago ya dube ni, ya daɗe yana dubana, ni ma ban kawar da ido ba. Sannan ya juya wurin liman.

"Malam, yaro shina da rai. Ko da wuƙa ga wuya, Kulu ba ta ƙago wanga suna da kanta."

Ya ja hannun rigarsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa. Na bar su a nan na shige cikin gida, don Rabi tana ɗaki tana jira, kuma ita ya kamata ta fara ji.